Gwaggo Lauya da Shari'ar Ɗan Mai Burodi

Gwaggona ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, ko da zuwa ba da shaida, amma duk layin shagunan da take zama Lauya ake kiranta. Zare take sayarwa da maɓallai da zif da allurar keken ɗinki, a wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya karkace. Kallon fim ne ya jawo mata sunan. Duk mugun da aka nuno a talabijin, wanda jama'a suka taru suka tsine wa, Gwaggo sai ta samo masa uzuri. In ya ci amanar abokinsa, ta ce a duba irin renon da ya samu. In ya gudu ya bar iyalinsa, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Tun ina yarinya wannan hali nata yake ba ni haushi, yanzu ga ni da nawa 'ya'yan, bai daina ba.

Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, kuma da wannan shagon ta rene su har kowa ya kama gabansa. Ba ta da wani abin more rayuwa sai talabijin ɗinta da kofin shayi da yamma. Na taɓa tambayarta abin da take samu a kare mutanen banza. Ta ce, "Wanda kowa ya taso wa, ai ya kamata a samu mutum ɗaya a bayansa, ko da a fim ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma in na bi bayan Alƙaliya, da wa za ta yi faɗa?"

Alƙaliya tela ce, bango ɗaya ya raba shagonta da na Gwaggo. Doguwa ce mai jiki, tef ɗin awo a wuya, murya kuwa ko daga bakin titi ana jin ta. Ita ba ta jiran fim ya yi nisa. Tun a kashin farko za ta ce, "Wannan mai gashin bakin munafuki ne, za ku ce na faɗa muku." Ta ɗaure wannan, ta kori wancan daga gari, wata kuma ta ce a mayar da ita gidan iyayenta su sake tarbiyya. Ba ta bar masu shirya fim ɗin ba ma. Ta tsani a ce yarinya talaka ce amma kullum da sabuwar riga, ta kuma tsani mutum ya share rabin kashi yana tsaye a bakin ƙofa ana kiɗa, ya ƙi buɗewa. Gwaggo kuwa wannan kiɗan ne abin sonta, a nan take samun damar yin kukanta.

Suna da ƙa'ida guda da ba su taɓa karyawa ba: ba sa kallo tare, ba sa kuma kiran juna a waya bayan an gama. Kowa ta kalla a gidanta, ta kwana da hujjarta. Da safe Gwaggo ta jawo kujerarta zuwa bakin shagon Alƙaliya, a buɗe shari'a. In gardama ta yi zafi, sai ka ji keken ɗinki ya ƙara gudu. Akwai masu kawo wandon da ba wata yagewar kirki ya yi ba, don dai su samu wurin zama. Ni nake sauke Gwaggo a shago kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, kuma sau da yawa shari'ar nan ta sa na makara. Abu ɗaya kawai na taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kai, shi ne talla ta yi yawa.

Wata safiya muka iso muka tarar da shagon Alƙaliya a rufe. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta yi kwanaki a asibiti, aka dawo da ita gida. Hannu da ƙafa suka fara motsi kaɗan-kaɗan, amma bakin ya karkace, magana ta tsaya. Likita ya ce maganar za ta iya dawowa, da sharaɗin ta riƙa ƙoƙartawa tun yanzu, don in aka bari abin ya daɗe sai ya fi wuya. Ta gwada sau ɗaya a gaban masu dubiya. Kalmar ta fito a murɗe, wata baiwar Allah ta ce, "Ayya, bari kawai, kada ki wahalar da kanki." Daga ranar Alƙaliya ta ja bakinta ta rufe. Matar da ke zuwa koya mata magana ta yi juyin duniya, ko kalma ɗaya ba ta samu daga bakinta ba.

Autarta ce ta ɗauki hutu a wurin aiki ta zauna jinya. Yarinya ce mai kirki, kirkin ma har ya yi yawa. "Umma, shayi kike so? To ga shi. Ya yi zafi ko? Bari in fifita." Ita ce tambaya, ita ce amsa. Kowa ya shigo sai ya ce jiki ya yi kyau sosai. Auta kuma kullum tana gaya mata shago yana nan lafiya, masu ɗinki sun ce za su jira, alhali tuni suka zo suka karɓi yadinsu.

A lokacin wani fim mai dogon zango ake yayi, labarin wani tsoho mai gidan burodi. Ciwo ya kwantar da shi, babban ɗansa ya sayar da gidan burodin a ɓoye. Kullum da safe sai ya sayo burodi a wani wuri, ya zuba a ledar da ke da tambarin mahaifinsa, ya kawo masa a gado wai ga na yau, yanzu aka sauke. Tun kafin ta kwanta Alƙaliya ta yanke wa wannan ɗan hukuncin ɗaurin rai da rai, Gwaggo kuma ta ɗaukaka ƙara.

Ranar da na fara kai Gwaggo dubiya gida, mun same ta a kujera mai hannu kusa da taga, bargo a cinyarta, ga tiren magunguna, ga talabijin a kan durowa. Ta rame, wuyan nan da ya saba da tef ya zama fayau. Gwaggo ta matsa kusa da ita. Ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya kamar mai lallashin jariri.

"Alƙaliya, ashe ke ce da gaskiya," in ji ta. "Yaron nan ɗan banza ne. Na janye ƙarata, duk abin da kika ce haka ne."

Alƙaliya ta kafa mata ido, ta daɗe tana kallonta. Sai ta juyar da kai ta fuskanci bango, ba ta sake waiwayowa ba har muka yi sallama.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sai da muka tsaya a mahaɗa sannan Gwaggo ta ce, "Na zage ta."

Na ce, "Haba Gwaggo, zagi kuma? Ai daɗin baki kika yi mata."

"Shekara da shekaru ban taɓa cewa ta yi gaskiya ba, sai yau da ta kwanta. Me kike so ta ɗauka? Ai na gaya mata ta gama yawo ke nan."

Kwanakin da suka biyo baya Gwaggo ta buɗe shago ta rufe kamar kullum, amma ko mai sayen zare ya tsokano zancen fim sai ta ba shi canjinsa ta kau da kai. Tsoro ne ya cika ta, ni ma kuma ya cika ni, don duk mun ji abin da likita ya ce game da daɗewa.

Ranar Asabar da hantsi ta ce in zo in mayar da ita gidan Alƙaliya. A falo ta tare Auta ta tambaye ta ko uwar tana kallon fim ɗin. Auta ta ce ba ta taɓa bari ya wuce ta ba, da hannun hagu take riƙe rimot, ba mai iya karɓa.

"Na jiya ma ta gani?"

"Ta gani. Amma Gwaggo, don Allah a bi ta a hankali. An ce kada a ɓata mata rai."

"Na ji," in ji Gwaggo, da irin muryar da na san ba ta ji komai ba.

Ta shiga ɗakin ba wani sanɗa. Ta jawo kujera ta dasa a gaban Alƙaliya, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ranki ya daɗe, an buɗe kotu ko in je in dawo? Wancan zuwan ban da lafiya ne, ki shafe abin da na faɗa. Na ga na jiya, kuma ina nan a kan bakana. Yaron nan bai yi laifin komai ba."

A kashin jiyan, wani maƙwabci ya zo zai gaya wa tsohon gaskiya, ɗan ya tura shi waje ya rufe ƙofa. Ko ni da ba ruwana da fim ɗin sai da na ji kamar in shiga talabijin in mare shi. Amma Gwaggo ta ce wannan turin shi ne ƙarshen biyayya. Ta ce ɗa nagari ke nan, mai tsaron zuciyar mahaifinsa. Ina kallon hannun hagun Alƙaliya, ya fara damƙar bargo. Auta tana bakin ƙofa tana yi wa Gwaggo alama da ido, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba.

"Mara lafiya ai sai lallashi," ta ci gaba. "Me zai yi da gaskiya, ci zai yi? A ba shi burodinsa, a ce masa jiki ya yi kyau, a shafa kansa ya yi barci. Tsohon da ya kwanta ai ya koma yaro."

Na ce a raina yau Gwaggo ta wuce gona da iri. Leɓen Alƙaliya ya fara rawa, wani sauti ya taso daga maƙogwaronta ya maƙale.

Auta ta taho da sauri. "Umma, ruwa kike so?"

Gwaggo ta ɗaga mata hannu ba tare da ta kalle ta ba. "Bar ta. Ba da ke take ba."

Muka jira. Ban san jira yana da nauyi haka ba. Jijiyar wuyan Alƙaliya ta tashi, gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Ƙa... ƙarya."

"Ban ji ba," in ji Gwaggo. "Kotu ta ɗaga murya."

"Ƙarya... kike."

A murɗe ta fito, amma ba wanda bai gane ba. Auta ta toshe bakinta da hannu. Gwaggo ko gezau, sai ma ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Faɗar ƙarya kike ai ba wuya. Kawo hujja."

Alƙaliya ta ja numfashi. Kowace kalma sai da ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

"Tsohon... ba... yaro... ba ne. Burodin... ya sani. Ba nasa... ba ne."

"To in ya sani, me ya hana shi magana?"

Wannan karon ba Gwaggo ta kalla ba. A hankali ta juyo da kai wajen 'yarta.

"Ba a... jira... ya gama."

Auta ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwar. Ta yi kuka mai isarta, ba wanda ya hana ta. Da ta share fuska sai ta ce, "Umma, shagon a rufe yake tun ranar da kika faɗi. Mutane sun karɓi kayansu. Keken dai yana nan, na lulluɓe shi." Alƙaliya ta gyaɗa kai, ta ɗora hannun hagu a kan 'yarta. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Da muka tashi tafiya ta nuna Gwaggo da yatsa ta ce, "Gobe." Gwaggo ta ce za ta zo, kuma da sabbin shaidu.

Ba zan ce maganar ta dawo tas ba. Har yanzu akwai kalmomin da ke yi mata gardama, in ta gaji sai harshen ya yi nauyi. Amma ta koma karɓar darasin mai koya mata magana, har tana gyara wa matar zaman rigarta. Hannun dama bai isa riƙe almakashi ba tukuna, duk da haka wasu ranakun Auta takan kawo ta shago ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗaure wanda za ta ɗaure, ta kori wanda za ta kora. Masu wandon da bai yage ba sun fara dawowa.

A waccan Asabar ɗin, Gwaggo ta fito daga gidan tana taku ɗai-ɗai kamar wadda ta ci shari'a. Sai da ta shiga mota ta rufe ƙofa sannan ta kifa fuska a tafin hannunta, kafaɗunta suna girgiza. Na kashe motar na bar ta ta yi. Can ta ɗago, ta share ido da gefen mayafi.

"Wallahi yaron nan mugu ne," in ji ta. "Tun kashin farko na tsane shi. In kika gaya mata, ban yafe ba."