Ranar da Maigadinmu Ya Ƙone Tuta

Shekaru sun shafe abubuwa da yawa daga zuciyata, amma abin da ya faru tsakanina da maigadin makarantarmu ba ya cikinsu, kuma na san da shi za a kai ni kabari. A lokacin ina shugabantar wata makarantar firamare a bayan garin Gwandu. Ni mutum ne mai son a ce wurina tsaf yake. In aka ce baƙi za su zo daga ofishin ilimi, har duwatsun bakin ƙofa sai na sa an shafa musu farar ƙasa. Matata takan ce da ana ba da lambar yabo ta tsoron manya, da tuni bangon ɗakinmu ya cika. Ina jin haushin maganar, sai dai ban taɓa iya musa ta ba.

Maigadin namu dattijo ne mutumin Kalgo, masunci ne a ƙuruciyarsa, kafin ciwon baya ya raba shi da kwalekwale. Baba muke ce masa, malamai da ɗalibai duka. Bai yi boko ba, ko layi ɗaya na taken ƙasa bai iya ba, amma shi ke ɗaga tuta kullum da safe, shi ke sauke ta da yamma. Ba wanda ya ɗora masa aikin, shi ya ɗora wa kansa. In yara suna rera taken, yakan ƙame a gindin sandar da hularsa ta malfa a hannu, har mukan ƙyafta wa juna ido muna murmushi.

Tutar da muke da ita ta sha rana da ruwan sama har ta gaji. Koren ya koɗe, farin ya koma kalar ruwan kunu, bakinta duk ya zare. Da aka aiko mana da sabuwa, wata ranar Alhamis bayan an tashi yara, na kira Baba na miƙa masa ita. Ya tambaye ni yadda za a yi da tsohuwar. Ina cike wasu takardu, ko kai ban ɗaga ba na ce, "Kai wannan tsumman juji, Baba."

Ya ce, "Malam, wagga ba ta juji ba ta."

Na ce masa ni dai kada in ƙara ganin ta a harabar makaranta, domin masu duba makarantu za su zo mako mai zuwa. Ya naɗe ta ya fita. Da haka na manta da zancen.

Abin da Baba ya yi daga nan, daga baya na ji shi dalla-dalla. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda ake yi da takardar da ke ɗauke da rubutu mai daraja idan ta tsufa ta yayyage: ba a jefa ta a shara, ƙone ta ake yi a wuri mai tsarki, a rufe tokar inda ƙafa ba za ta taka ba. Wannan ita ce hanyar girmamawa ɗaya da Baba ya sani ga abin da ya gama aikinsa. Sai ya wanke tutar da sabulu, ya shanya ta bushe, ya kai ta bayan ɗan masallacin makaranta, ya share wuri, ya haƙa ɗan rami, ya sa ta a sabon kasko ya cinna mata wuta. Yana tsugune yana jiran ta cinye ya rufe tokar, wani mai babur da ke wucewa ta bayan katangar da ta rushe ya tsaya, ya ɗauke shi da waya. Bai ɗauki wankin ba, bai ɗauki ramin da aka haƙa ba. Dattijo, wuta da tuta, su kaɗai suka fito.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Kwanakin ne ake ta ƙorafin tsadar rayuwa, matasa na fitowa tituna a manyan birane, hukuma kuma ta ƙi jinin duk wani zancen tuta. Kafin la'asar ta Juma'a, babu wayar da hoton bai shiga ba. Wasu samari suka mai da Baba gwarzo, wai talaka ya faɗa wa gwamnati gaskiya da wuta. Wasu kuma suka ce a kama shi a ɗaure, maci amanar ƙasa ne. Har a ofishinmu malamai biyu suka kusa ba hammata iska: ɗaya na cewa wanda yunwa ta dama yana da 'yancin nuna fushinsa ko da ƙyallen ƙasarsa ne, ɗayan na cewa 'yancin magana bai kai ga taɓa abin da ya haɗa mu duka ba. Suna ta wannan muhawara a kan mutumin da ke zaune a bakin ƙofa yana gyaran tsintsiya, kuma ba wanda ya tashi ya tambaye shi.

Ranar Litinin jami'ai biyu suka iso daga ofishin ilimi tare da ɗan sanda. Aka kira Baba ofishina. Ya cire takalmansa a ƙofa, ya durƙusa, aka nuna masa kujera ya ƙi. Babban jami'in ya fara da ni, ya tambaye ni ko ni na sa a ƙone tuta. Na ce ban sa kowa ya ƙone komai ba. Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da ƙarya ta fi ta mutunci. Na san sarai abin da na ce a yi da ita, kuma na san idan aka rubuta cewa shugaban makaranta ya ce a kai tutar ƙasa juji, kujerata ta tafi.

Da aka juya kan Baba, ya yi magana a natse. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwatanta ta da littafin Allah, Allah shi tsare ni. Amma mu abin da munka iske, abu mai daraja in ya tsufa, ba a yada shi inda awaki ka kiwo. Shekara huɗu tana bisa kawunan ɗiyanmu. Ban iya ganin ta cikin shara."

Jami'in ba wawa ba ne. Ya ajiye biro ya ce, "Shara? Wa ya ce a kai ta shara?"

Baba ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ba na tuhuma ba, sannan ya mai da kansa ƙasa ya ce, "Hannuna ya ƙone ta, ranka ya daɗe. A tsaya nan."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar sun isa. Sai na tsinci kaina ina gyara takardun da ke kan tebur, waɗanda ba sa buƙatar gyara. Aka tafi da shi ofishin 'yan sanda ya yini yana amsa tambayoyi, limamin unguwa ya je ya karɓo shi. Washegari takardar dakatarwa ta zo, kuma da hannuna na miƙa masa ita. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mini godiya, ya haɗa tabarmarsa da butarsa ya koma Kalgo.

Mako uku na yi ina kai-kawo da abin a raina. Kullum da safe in tsaya a gaban yara muna yin alkawarin zama masu gaskiya da riƙon amana ga ƙasa, muryata ta fi ta kowa. Wata rana na ji 'yan aji uku na wasa, ɗaya ya tsuguna yana kwaikwayon Baba, sauran na tafi suna kiran "mai ƙona tuta". Ban hukunta su ba, domin ban ga da wane baki zan yi ba. Na shiga ofis na rubuta duk abin da ya faru, har da kalmar tsumma, na kai ofishin ilimi da kaina. Sakamakon da na yi mako uku ina gudu bai wuce takardar gargaɗi ɗaya ba. Aka kuma ba ni wata takardar ta mai da Baba bakin aiki.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Kalgo da takardar a aljihu, ina jin kaina kamar mai kai albishir. Na same shi a gindin wata bishiya a ƙofar gidan ƙanensa, yana ɗinke ragar kamun kifi. Ya yi murnar ganina, ya sa aka kawo fura, ya tambayi malamai ɗaya bayan ɗaya. Na karanta masa takardar, na roƙe shi gafara, sannan na tambaye shi abin da ya hana shi faɗin gaskiya ranar nan.

Ya ce, "Da na faɗi, mu biyu za a kora. Maigadi ana samu ko'ina, Malam. Yara su rasa mai koya musu fa?"

Na rasa inda zan sa idona. Mutumin da na bari ya ɗauki laifina, lissafin yaran da aka ba ni amana yake yi, ni kuwa na kujerata nake yi. Na ce to ya shirya mu koma. Ya girgiza kai. Ya ce ya yafe mini tun a ofis, amma ba zai iya sake tsayawa a gaban yaran da suka ga an sa shi a motar 'yan sanda ba.

"Aiki ba shi ad damuwata ba," in ji shi. "Sunana nika so. In kana iyawa, ka gaya musu gaba ɗaya, da bakinka, ba a takarda ba."

Ranar Litinin na yi hakan. Bayan taken ƙasa na hana a watse, na tsaya a gaban malamai da ɗalibai na faɗi wanda ya ce a kai tuta juji da wanda ya ƙi. Malamin da ya fi kowa zafi a kan a hukunta Baba ya sunkuyar da kai. Na yi tsammanin zan ji sauƙi, ban ji ba. Yara ɗari uku sun ji ni, amma hoton nan ya shiga wayoyin da ba zan taɓa sanin adadinsu ba, kuma ba wanda ya ɗauki bayanina ya tura. Baba bai dawo Gwandu ba har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu. A wurin zaman makokinsa na ji wani baƙo na tambayar na kusa da shi, a hankali, ko wannan ne tsohon nan da ya ƙone tuta.

Tun daga lokacin, in na ji ana gardama a kan wanda ke son ƙasa da wanda ba ya so, ba na saurin sa baki. Na ga wanda ya fi mu duka girmama tuta da wuta a hannunsa, na kuma san wanda ya wulaƙanta ta yana sanye da babbar riga a bayan tebur. Abin da na koya shi ne, kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ka hango, je ka tambaye shi. Idan kuma gaskiyar da za ta wanke wani tana bakinka, faɗe ta a lokacin da ake neman ta. Ni na faɗi tawa bayan mako uku, ta tsame ni, amma ba ta iya mayar wa Baba sunansa ba.