Wuƙaƙe Biyu na Ɗanmaliki Mai Auren Mangwaro

A Jabo in ka tambayi gidan Ɗanmaliki, sai an ce maka, "Mai auren mangwaro?" Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan sana'a. Zai yanko reshen mangwaro mai daɗi, ya tsaga ƙaramin dashe, ya cusa reshen a ciki, ya ɗaure da leda. Bayan 'yan shekaru mai lambu ya sha 'ya'ya manya marasa zare. Daga Dogon Daji har ƙauyukan Kebbe, da wuya ka sami lambun kirki da babur ɗinsa bai taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Wuƙa ɗaya ya yi ta yawo da ita duk tsawon shekarun nan, babba, mai naɗewa. In ya buɗe ta, ruwanta ya kai tsawon tafin hannu, kuma tana da wani ɗan ƙarfe a baya wanda sai ka danna shi za ta rufe. Da ita yake sare reshe, da ita yake yanke igiya, da ita yake fere rogo in yunwa ta kama shi a hanya. Aibinta nauyi. Ba shi da rigar da aljihunta na dama bai zazzago ba, matarsa Rabi'atu ta yi faci har ta gaji da mita.

Da zaman lafiya ya yi ƙaranci a yankin, sai shingaye suka yawaita a hanya. Ran nan a wani shinge aka laluba aljihunsa, aka zaro wuƙar.

"Baba, mi kaka yi da wagga?" in ji mai binciken.

"Aiki nika yi da ita. Mangwaro nika wa aure."

Suka kwashe da dariya, suka zaunar da shi a rana. Sai da azahar ta gota wani mai lambu da ya san shi ya zo wucewa, ya tsaya masa, sannan aka sake shi. Da aka yi masa haka sau uku, ya dawo gida ya jefa wuƙar cikin tukunyar da Rabi'atu ke ajiye allura da zare. Ranar kasuwar Tambuwal ya sayo ƙarama, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba.

Gaskiya ɗaya ce, ƙaramar ta fi iya tsaga dashe. Siririya ce, tana shiga ba ta farfasa itace, a aljihu kuwa sai ka manta da ita. A shinge ko kallonta ba a yi. Amma in reshe ya yi kauri sai ya bi masu lambu yana aron adda, shi da bai saba roƙon kayan aiki ba. Kuma ba ta da abin da ke riƙe ta in an buɗe.

Ƙarshen damina ya tafi Fakku aiki. Yana shiga gari da hantsi ya ji kururuwar mata a bayan wani gida. Wata tsohuwa, Goggo Batula, ta tare shi ko mayafi babu. Ɗanta ya tafi ci-rani ya bar mata ɗan bijimi tana kiwo, shi ne ya tsinke ya shiga gona ya ci tohon dawa. Ga shi can kwance, ciki ya kumbura kamar ganga, numfashi na fita da ƙyar. Mazan unguwar duk sun tafi jana'iza wani ƙauye.

"Malam, don Allah ka cece ni," ta ce. "In ba shi tashi, a yanka shi, kar shi zama mushe."

Ɗanmaliki ya taso cikin shanu, ya san abin yi. Ya durƙusa, ya laluba kwiɓin hagu, ya soka wuƙar don iska ta fita. Ta huda fata, ta tsaya. Ya danna har ƙota, ba ta kai ba. Ya ce a kawo wuƙar gida. Aka kawo wata dakusasshiya ta yankan kuɓewa, ko igiya ba za ta ci ba. Kafin a zaga maƙwabta idon bijimin ya fara juyewa.

Mata huɗu suka danne ƙafafu. Ya juya wuyan gabas, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙaramar wuƙar. Fatar wuyan sa ba ɓawon mangwaro ba ce. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, dabbar ta fizge kai, wuƙar ta naɗe a kan yatsansa manuni har ƙashi. Kafin ya buɗe ta da haƙori, bijimin ya miƙe ƙafafu.

Goggo Batula ta yage bakin zanenta ta ɗaure masa yatsan. "Ka yi iyakar yinka," ta ce. "Allah bai nufa a ci shi ba." Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

A Kebbe aka ɗinke yatsan. Ya warke, amma ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Da can in ya yi aure goma, tara sun kama. Yanzu in shida suka kama sai ya gode wa Allah. Ɗaurin leda da yake yi yana hira, yanzu sai ya haɗa da haƙori. Rabi'atu ta ce ya huta haka nan, ya ce to, washegari ya ɗaura kaya a babur.

Kwanan baya maƙwabcinsa Ladan, mai kiwon tumaki, ya same shi a ƙofar gida yana wasa 'yar wuƙar a kan dutse.

"Wuƙar aljihu nika son saye," in ji Ladan. "Kai da ka riƙa duka biyu, wace ta fi, babba ko ƙarama?"

Ɗanmaliki ya ƙara goga wuƙar a dutsen, ya amsa masa.

"In cikin gari za ka tsaya wurin tumakinka, sayi babba. In hanya za ka bi, ƙarama. Amma ko wace ce, buɗe ta gaban mai kaya, ka danna bayanta da ƙarfi. In ta rufe, aje mishi abinshi."

"To in mutum na bin hanya kuma yana da dabbobi fa?"

"Wannan kam ban sani ba, Ladan. Na gaji da tunaninshi."

Ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya naɗe ta, ya miƙe yana dafa bango. Akwai dashe arba'in da ke jiransa a Dogon Daji, ga rana ta riga ta ɗaga.