Guntun Wayar da Ya Ƙona Aikin Ɗiyata

Abubuwan da na yi a rayuwa nake cewa da ma ban yi ba suna da yawa, amma ɗaya ne ba zan manta ba har a sa ni cikin kabari: ranar da na ƙona wa ɗiyata aikin shekara guda da guntun zaren waya wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ba ɓarawo ya yi mata ba, ba maƙiyi ba. Ubanta ne, da hannunsa, yana murmushi.

Ni mai gyaran rediyo ne. Lakwal, wato makarantar boko, ban wuce aji shida ba, amma na fi shekara talatin riƙe da turnabis na kwance kusoshi da ƙarfen dalma, har na ajiye aiki na koma gidana a unguwar Bobiel, nan Yamai. A fadarmu ta tsofaffi, inda muke shan shayi bayan la'asar, Injiniya ake ce mini. Sunan ya shige mini kai har na ɗauka duk abin da ke cin wuta ƙanen rediyo ne.

Ɗiyata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a, can Harobanda, ƙetaren kogi. Kundin kammala karatunta a kan ambaliya ne. Ta yi watanni tana bin gidajen bakin kogi, tana auna inda ruwa ya tsaya a bango, tana ɗaukar hoto, tana rubuta abin da mutane suka faɗa mata. Duk wannan yana cikin wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ke ɗakinta. Da lokacin zana taswira ya zo, sai na'urar ta kasa. Hoto ya riƙa tsayawa kamar jakin da ya ga rijiya. Aka ce mata sai an sa sabon katin hoto, wanda suke kira kart garafik.

Na ce wannan ai aikina ne. Na tafi Babbar Kasuwa na sayo katin wurin wani mai kayan ordinatar. Ya tambaye ni irin na'urar, na faɗa masa. Ya ce, "Baba, wannan tsohuwa ce. Katin nan yana da ci. Sai ka haɗa da sabuwar alimantasiyo, akwatin da ke raba wuta a ciki, in ba haka ba ba za ta ɗauka ba."

Na yi dariya na ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake sayar wa mutane abin da ba su buƙata. Ba ni katina." Na fito ina jin na fi ɗan kasuwa wayo. Kaito, wayon da ya fi wauta tsada.

Na soka katin a gurbinsa, na kunna, ekaran, allon da ke nuna hoto, ya yi baƙi ƙirin. Na cire, na hura, na goge ƙafafunsa da fetur kamar yadda muke yi wa rediyo, na mayar. Shiru. Na ɗan mari akwatin a gefe, don rediyo da yawa mari ne maganinsu. Shiru. Ɗiyata tana tsaye bayana, a hankali ta ce, "Baba, wayar ekaran har yanzu tana tsohon rami. A jikin sabon katin ake sa ta."

Gaskiyarta ne. Tana sauya ramin hoto ya fito. Mai hankali da ya gode. Ni kuwa haushi na ji, wai yarinyar da na koya wa kunna fitila ta gyara mini aiki.

Matsalar ba ta ƙare ba. Na'urar takan tashi lafiya, amma da ta buɗe taswira sai ta mutu ɗif. Sau uku haka, a na huɗu ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ɗiyata ta ce, "Baba, don Allah a bar ta haka. Gobe zan kira mai gyara na kusa da jami'a ya ciro disk ɗin da komai ke ajiye a ciki, in kwashe aikina tukuna. Sai a sayi alimantasiyon."

Na ce to. Baki ne ya ce to.

Da la'asar na kai maganar fada. Ka ga majalisar masana! Tsohon direba ya ce katin jabu ne. Tsohon mai gadi ya ce zafin Yamai ne, a sa mata ƙanƙara a gefe. Wani da ko wayar hannunsa jikansa ke kunna masa ya ce, "Haba Injiniya, kai da kanka za a kira wa mai gyara har gida? Me za a ce a unguwa?" Wannan maganar ce ta kashe ni. Ba wanda ya taɓa ganin cikin ordinatar a cikinsu, amma na bar shawarar mai sayar da ita da ta mai aiki da ita, na ɗauki ta masu shan shayi.

Washegari da safe ta tafi jami'a. Na kwance alimantasiyon, duk da an manna masa takardar gargaɗi, na ga fizibil ya tsinke. Wannan ɗan abu ne da ake sawa don ya mutu a madadin sauran kaya idan wuta ta wuce kima. Na san haka sarai. Amma mu masu gyaran rediyo muna da ɗabi'a: in ya tsinke ba mu tambayar dalili, sai mu yanko zaren jan ƙarfe mu haɗa bakin biyu. Na yi wannan sau ba adadi, mutane suka biya suka yi godiya. Na ɗaura, na rufe, na soka a bango, ina ta shirya abin da zan ce mata in ta dawo.

Ƙara ɗaya na ji, tas! Sai hayaƙi da warin roba. Uwarta ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati. "Malam, me ka yi?" Na ce kuran ne, wutar lantarki, ya yi yawa. Fankar ɗaki tana juyawa lafiya a kanmu.

Muka ɗauki akwatin a taksi, ni da ɗiyata, muka ƙetare gada zuwa wurin mai gyaran. Ya buɗe, ya gwada disk ɗin a wata na'ura, ya girgiza kai ya ce ya ƙone. Sannan ya ɗaga zaren wayata da ɗan hantsaki ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Wani mai gyara ne a unguwarmu."

Ya ce, "Baba, wannan ba mai gyara ba ne, jaki ne. Ko tocila kada ku sake ba shi."

Ɗiyata ta san ɗaurin wayata kamar yadda ta san fuskata. Ta dubi ƙasa ta ce, "To, mun gode." Ba ta tona ni ba. Ni da furfurata na tsaya na bar ta ta rufa mini asiri a kan gawar aikinta.

Babin farko kawai aka samu wurin malaminta. Abokan karatunta suka gama, ita ta sake shekara. Ta koma bakin kogi gida gida, wasu an shafe bangon, wasu mutanen sun tashi. Sai da na yi wata biyu kafin na iya zama gabanta na ce ni ne. Ta ce, "Na sani, Baba. Ya wuce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta gama daga baya, tana aikinta yanzu, amma shekarar nan ba ni da inda zan samo in mayar mata.

Ku da kuka iya wata sana'a kuka tsufa a cikinta, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. Iya abu ɗaya ba iya komai ba ne. In ɗanku ya ce ku dakata, ku dakata, ko da duk fada za ta yi muku dariya. 'Yan fada sun sha shayinsu sun watse. Ɗiyata ce ta biya.