Rigar da Aka Hana Wankewa

Ina sakandare a wajen Panshekara wata masaƙa ta Sharaɗa ta ba ƙungiyar ƙwallonmu kyautar riguna koraye shar. Tunda muka fara sa su ba a ci mu ba. Sai kyaftin ɗinmu, wani dogo mai taurin kai, ya kafa doka: ba mai wanke riga sai an gama gasar makarantu, kada a wanke sa'a. Ana tashi wasa sai mu tula su a buhu, sharkaf da gumi, gobe kowa ya zari wadda hannunsa ya kai.

Ba a jima ba makero ya fito min a wuya, zagaye kamar an ɗora kwabo an zana. Abokai suka ce ruwan da ke gangarowa daga kamfanonin fata na Chalawa ne, don mukan tsunduma ciki ɗauko ƙwallo. Ni dai zancen bai zauna min ba. Ƙafa ke shiga ruwan, me ya kai ciwo wuya? Na shiga leƙen wuyan mutane, har a sahun salla, Allah ya yafe min. Duk wanda na gani da tabon, ɗan ƙwallo ne, kuma daidai inda wuyan riga ke gogawa.

Babana ya kai ni wurin malamin asibitin kamfanin da yake aiki. Ya ba ni man shafawa, ya ce in riƙa wanka da sabulu da zarar an tashi wasa, kada in haɗa tawul da kowa, rigar kuma a tafasa ta a shanya a rana. Na lallaɓa na sako ɗaya a jaka. Inna ta toshe hanci ta jefa ta a tukunya. Rinin ya zube, riga ta koɗe fes.

Ɓoyo bai yiwu ba. Kyaftin ya cire ni daga wasan ƙarshe, wasan da na shekara ina mafarkinsa. Na ji zafin abin har tuwo ya gagare ni.

Ranar wasan, malamin wasanni ya ga 'yan baya suna ta susa ba ji ba gani. Ya sa suka tuɓe, ya ware waɗanda makeronsu ya fara ruwa. 'Yan wasa suka kasa cika. Kyaftin ya zo inda nake zaune, ko kallona bai yi ba.

"Sako koɗaɗɗiyar taka ka shigo."

Na sako ta na shiga fili, aka kuma lallasa mu.

Yanzu duk mun yi furfura. Kwanan baya na haɗu da kyaftin ɗin a wurin ɗaurin aure a Hotoro, muka gaisa, na tambayi iyali. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Kai ka wanke mana sa'a," ya ce, ɗaya hannun yana sosa wuya.