Namijin Fakarar da Ke Amsa Mini

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini, amma ranar da na harbi wani namijin fakara a duwatsun gabashin Jidda tana nan daram a raina. Na san da ita za a binne ni.

Lokacin ina shekarata ta biyu a unguwar Ruwais, cikin Jidda. Na zo aikin hajji ta Sudan, guzuri ya ƙare, sai na kama ga-ruwa, garwa biyu a kafaɗa tun asuba. Hausawa kam akwai su, amma haifaffun nan ne. Da la'asar su taru wajen shayi, su fara magana da Hausa su ƙarasa da Larabci, su kwashe da dariya, ni ina gefe kamar buhun gawayi. Ko sunana ba su riƙe ba, "baƙo" kawai suke ce mini.

Ni ɗan maharbi ne. Da kaɗaici ya ishe ni, na sari reshen magarya na yi baka, na daddaki ƙusa na yi kan kibiya, na fafe ɗan kara irin wanda babana ke kwaikwayon kukan macen fakara da shi. Bayan ruwan hunturu duwatsu sun yi ɗan kore, lokacin da mazan fakara ke haukan neman mata ke nan. Ranar Juma'a da sassafe na bi motar masu fasa dutse, na ɓuya bayan wata ƙaya, na busa.

Sai aka amsa! Wani namiji ya fito kan dutse, ya bubbuɗe ƙirji, yana ɗingishi da ƙafar hagu amma yana taƙama kamar mai gari. Na ja baka, na sake sassautawa. Shekara biyu ban kira kowa ya amsa mini da ɗoki haka ba.

Babana yakan ce mini, "In ka kira ya zo, ka harba a ranar. Kada ka bari ku saba." Ni kuwa Juma'a shida ina zuwa. In busa ya amsa, in ba shi labarin garinmu da matata da na baro, shi yana ta kai da kawo yana neman macen da babu ita. Na san yaudararsa nake yi, amma duk mako don wannan safiyar nake rayuwa.

Wata rana wani dattijon majalisar masu shayin nan, mai sayar da tsire, ya ga bakan a rataye a kafaɗata.

"Ya baƙo, wannan kuma esh? Farautar ɓeraye kake yi?"

Aka yi dariya. Na ce fakara nake farauta.

"Fakara? Tayyib, kawo mu gani. In ka kawo, halas, ka zama ɗan majalisa."

Haushi da kwaɗayin zama a tabarmarsu suka haɗu suka rufe mini ido. Juma'ar da ta biyo na busa sau ɗaya tak, ya taho da gudu da ɗingishinsa, ko waiwaye bai yi ba, don ya saba babu abin da ke samunsa a wurin nan. Taku goma ne tsakaninmu. Na saki kibiya, na ruga na yanka shi da bisimilla, jikinsa da ɗumi a hannuna.

Da la'asar dattijon ya gasa shi, ya barbaɗa yaji. Mutum tara, tsuntsu ɗaya, kafin shayi ya huce an gama. Wani ya suɗe yatsu ya ce, "Mashallah, baƙo ya iya. Yalla, mako mai zuwa biyu za ka kawo." Daga nan suka koma Larabcinsu. Ba wanda ya tambayi sunana.

Na sake komawa dutsen, ban ma ɗauki baka ba. Na busa, na busa, har leɓena ya tsage. Shiru, sai iska da ƙarar guduma daga nesa. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na bar gida.

Daga baya na iya Larabci, na sami wurin zama a tabarmomi da yawa, amma ban ƙara ɗaura tsarkiya a baka ba. Abin da na koya shi ne, kada ka yanka wanda yake amsa kiranka don ka burge waɗanda ko sunanka ba su sani ba.