Akuya da danginta a Turance

Shekarun baya, lokacin da mutanen Mubi suka kwararo Yola suna gudun 'yan bindiga da kayan jikinsu kawai, gidanmu na Dubeli ya cika har ba wurin shanya. Ɗaki biyu da falo ne, amma sai ka rantse tasha ce. Daga asuba ina bakin murhu, in sauke kunun gyaɗa in ɗora tuwo, ga zafin Jimeta, ga layin banɗaki, ga yara na kuka. Gajiyar wannan lokaci har yau ina jin ta a bayana.

Cikin waɗanda suka zo har da yayata, wadda muke ce wa Adda. Malamar Turanci ce a firamare, ita ce mai boko a gidanmu. Ni kuwa aji huɗu na tsaya, abin da Allah ya ba ni kunne ne da surutu. Adda ta iso da ƙafafu a kumbure. A hanya ta yar da takardunta a daji, don an ce malaman boko maharan ke nema. Tun da ta shigo ta samu lungu kusa da randa ta zauna. Ba ta kuka, ba ta magana, abinci sai ta ɗanɗana ta ture. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Mahaifiyarmu, Dada, ta kan ja ni gefe ta ce, "Yarinyar nan za ta mutu a zaune muna kallo." Mun yi rubutu, mun yi asibiti, na yi lallashi har bakina ya bushe.

Wata la'asar 'yata ta dawo daga makaranta da homwok. An ba su kalma, su nemo waɗanda ƙarshensu ke tafiya da ita, su rubuta ma'ana. Ta nufi Adda da littafin, Adda ta juya wa bango fuska. Sai yarinya ta dawo kaina ina tankaɗe.

"Mama, goat."

Na ce, "Wannan ai akuya ce, ko ni na sani. Goat, boat, coat." Kunnena ne ya kwaso su, daga rediyo ko daga ina, oho.

"To mene ne boat?"

A nan aka zo wurin. Ni a tunanina, kalmomin da suka yi kama haka ai 'yan gida ɗaya ne, kamar yadda ake gane 'yan'uwa ta murya. Na ce mata, ba ko shakka, "Tunda goat akuya ce, boat bunsuru ne. Rubuta."

Ta duƙa za ta rubuta, sai muka ji murya daga wajen randa, a dishe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Kwale-kwale ne."

Rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Dada ta daina jan carbi. Na daure, ban ko waiwaya ba, na ce, "Wane irin kwale-kwale kuma? Me ya haɗa akuya da ruwa?"

"Babu abin da ya haɗa su. Sauti ne kawai. Ke, kada ki lalata wa yarinya littafi."

Sai na ce wa 'yata, "To coat dai fatar akuya ce, wannan ba gardama." Adda ta ja tsaki, ta miƙo hannu: "Kawo littafin nan." Ranar ta sha rabin kofin kunu, tana sha tana mita.

Daga nan na samu sana'a. Kullum yarinya ta dawo, sai in ɗaga murya yadda za ta kai lungun randa. Rain ruwan sama, to train tsawa ce. Cat kyanwa, to hat ɗan kyanwa. Wasu da gaske ban sani ba, wasu kuwa na sani sarai, ina dai baza shirmena. Adda ta ce, "Wai ke a ajin naku me kuka yi, barci?" In ce, "Tallan gyaɗa, Adda." Yaran baƙi suka fara taruwa suna mini dariya, suna jira a ƙaryata ni. Kafin wani lokaci ta matso daga randa zuwa tabarma, daga tabarma ta miƙe tsaye tana rubutu da gawayi a bangon kicin. Ni da nake goge bangon na ƙyale ta.

Ba zan ce ta warke tas ba. In ta ji ƙarar fashewar tayar mota, sai ta koma shiru kwana da kwanaki, ni kuma in koma neman sabuwar wauta, wani lokaci ba ni da ƙarfin ko buɗe baki. Amma tana ci, kuma tana faɗa.

Da hanya ta buɗe za su koma, na raka ta tasha. Ta zauna a mota, ta leƙo ta taga ta ce, "Ke, mijinki ba tela ba ne? Kwat nawa ya ɗinka a gabanki, za ki ce mini fatar akuya?"

Na ce, "Ashe kin gane."

"Tun ranar farko. Na ga kin gaji ne, na ce bari in taimake ki."

Har yau ba ta koma aji ba, ɗinkin hula take yi a gida. Ni ma ban ƙara ko harafi a bokona ba. Abin da na riƙe shi ne, wani mutumin ba ya tashi don an lallashe shi, sai ya ga ana ɓata aikinsa a gabansa. In na kira ta a waya na ji muryarta ta yi ƙasa, ba na tambayar me ke damunta. Sai in ce, "Adda, wai boat ɗin nan ba bunsuru ba ne?" In ta ja tsaki, hankalina ya kwanta.