Jegon Kifi a Gidan Na'Allah

Shekara talatin da ɗaya Atu ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin Kebbe. Rabin samarin garin, har da masu gemu, ta hannunta suka biyo suka shigo duniya, kuma ba ta bari su manta. In ɗan kabu-kabu ya sheƙo da gudu ya kusa bangaje ta, sai ta tsayar da shi a gaban mutane ta gaya masa irin kukan da ya yi ran da aka haife shi.

Da ta yi ritaya, zaman gida ya ishe ta. Mijinta Malam Na'Allah, mai sayen gero da dawa yana kaiwa kasuwar Tambuwal, shi ya fara ɗanɗanawa, don sau uku a yini take ɗaura masa abin awon jini. Daga nan ta koma kan awaki, ta buɗe wa kowace akuya katin awo, har suka koyi da sun hango ta su ruga bayan rumbu.

Ana haka aka yi wa mijin autarsu Zulfa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Kudu. Kafin su tashi, farkon damina, Zulfa ta zo gida da wani akwatin gilashi mai tsawon tabarmar salla, da ɗan injin hura iska, da kifaye shida a cikin ledoji. Ta haɗa komai a ɗakin uwarta ta sake su.

Huɗu daga ciki farare ne masu ratsin baƙi, da dogayen fukafukai da suke ja a hankali kamar masu babbar riga za su ɗaurin aure. Biyun kuwa zagayayyu ne, shafaffu, ja da shuɗi, kowanne ya kai tafin hannu.

"Inna, waɗanga fuɗu sunansu anjel," in ji Zulfa, "wato mala'ika da Turanci. Biyun ga kuma diskas."

"A'uzu billahi," in ji Malam Na'Allah. "Ba a kiran kifi mala'ika gidana." Ya duƙa ya ƙare musu kallo. "To, wata nawa sukan yi su isa ci?"

Saura kaɗan Zulfa ta mayar da su cikin leda. Atu ce ta raba gardamar. Ta ce wa huɗun 'Yan-riga, biyun kuma Faifai, ta ce duk wanda ya sake maganar ci a ɗakin nan zai kwana da yunwa.

Kwana uku da tafiyar Zulfa, Faifan suka yi baƙi ƙirin, suka maƙale a lungu suka ƙi abinci. Atu ta kira 'yarta a waya, ta bayyana mata alamomin ciwon dalla-dalla kamar tana gaban likita. Zulfa ta ce ruwan rijiya ne bai karɓe su ba, su ruwa mai laushi suke so, irin na sama. Kafin la'asar duk wata randa da duro da bahon wanki na gidan sun jeru a ƙarƙashin indararo. Kifi suka samu ruwan sama suka warware, mutanen gida suka ci gaba da na rijiya. Bayan mako guda aka cire wayar solar da ke juya fankar Malam aka haɗa ta da injin iska.

"Ni fa?" in ji shi.

"Malam, kai kana da mafici," in ji Atu. "Ka taɓa ganin kifi da hannu?"

Matar da ta yi shekara talatin tana wa'azin a zubar da kwantaccen ruwa saboda sauro, sai ga ta ta ajiye kasko bayan rumbu, ta rufe shi da tsohon gidan sauro, tana kiwon tsutsar sauro don kifinta su ci sabo. In maƙwabta suka tambaya, sai ta ce bincike take yi.

Da bazara ta zo ruwan akwatin ya yi zafi, kifayen suka taso sama suna haki. Ta lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu, ta zauna tana fifita, bai isa ba. Ran kasuwa ta ce wa Malam ya sayo ƙanƙara a Tambuwal. Ya sayo ƙatuwa, ya naɗe a buhu ya ɗaure bayan babur. Ya iso Kebbe wandonsa sharkaf tun daga ƙugu har idon sawu, mutane na kallonsa suna kawar da kai don kunya, ya miƙa mata abin da ya rage, bai fi ƙwayar goro ba. Atu ta karɓa ta yi godiya, ta ce mako mai zuwa ya sayo biyu.

Damina ta biyu aka samu ƙaruwa. Biyu daga 'Yan-riga suka jera ƙwai a kan wani ganye da ke cikin ruwan. Atu ta yi guɗa, ta ɗauko kati ta rubuta kwanan wata. Washegari da hantsi tana zaune, da idonta, uwa da uba suka bi ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya suka cinye. Ta miƙe tsaye ta yi musu faɗa na kusan rabin awa. Ta ce ta ga sakaci iri-iri a aikinta, amma ba ta taɓa ganin rashin imani irin wannan ba. Su kuwa suka ci gaba da jan rigunansu kamar ba da su ake ba.

Don haka da ta ga Faifan sun fara share wani guntun fasasshen tulu da ta saka musu, ba ta tsaya wasa ba. Ta aika wa mai yankan gilashi a Tambuwal da awo, aka yanko mata shamaki, ta raba akwatin biyu. 'Yan-riga a gefe guda, ɗakin haihuwa a ɗayan.

Faifan suka yi ƙwai, suka tsaya a kai suna fifita su da fukafukai, in wannan ya gaji wancan ya karɓa. Ƙwai suka ƙyanƙyashe. Bayan 'yan kwanaki 'ya'yan, ƙanana kamar tsakin gero, suka tashi suka lulluɓe jikin iyayen suna tsotsa. Atu ta sa tabarau ta duba, ta cire ta goge ta sake dubawa. Ta kira Zulfa, Zulfa ta ce haka suke, wani yauƙi ne ke fita a fatar iyayen, shi 'ya'yan ke sha har su yi ƙwari.

"Yauƙi gare ki," in ji Atu. "Ni na san shayarwa in na gan ta."

Kafin azahar labari ya gama unguwa cewa kifin Atu na ba da nono. Ya kai kunnen maƙwabcinsu Ɗangiwa, tsohon masunci wanda ya shekara arba'in a gulbi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya zo zauren Na'Allah yana huci.

"Malam Na'Allah, ka gaya ma iyalinka su bar faɗin abin da za a yi muna dariya. Ba kifin da ban feɗe ba cikin gulbin ga. Ban taɓa ganin nono ba. In kifi ya shayar, ni nika ba da ragon suna."

Atu ta ji daga ciki, ta aiko a ce ya shigo ya gani, amma da sharaɗi. Ya wanke hannu, ya cire takalmi, kada ya yi tari, kuma daga taga zai leƙa, don masu jegon ba su son firgita. Ɗangiwa ya tsaya a bakin taga da aron tabaran Malam. Ya daɗe. Can sai ya ga kifin da 'ya'yan ke jikinsa ya girgiza, 'ya'yan suka watse suka koma jikin ɗayan suka ci gaba da tsotsa.

"Wanga fa?" ya tambaya da raɗa. "Ƙanwar uwar ta?"

"Uban na," in ji Atu.

Wannan magana ita ta fi ta da ƙura. Matan unguwa suka yi ta zuwa rukuni-rukuni don ganin uban da ke shayarwa, kowace ta koma gida da abin faɗa. Wata ta miƙa wa mijinta jariri tana daka, ya ce mene ne haka, ta ce ya je gidan Na'Allah ya ga yadda maza ke yi. Mazan suka fara gaisawa da Malam sama-sama a ƙofar masallaci. Wani ma ya ja shi gefe ya ce, don zumunci, ya rufe tagar nan.

Ɗangiwa kuwa ya ƙi ba da rago. Ya ce shi bai ga nono ba, lasa ya gani, kuma lasa daban sha daban. Atu ta ce 'ya'yan suna girma ko ba su girma? Aka yi kwana biyu ana aike tsakanin gidajen, Malam ne ɗan aiken. A ƙarshe aka shirya a kan cewa Ɗangiwa zai ciyar da baƙi ran kwana bakwai, da abin da ya sawwaƙa. Malam ya ce shi ma yana da nasa sharaɗin, ba a kiran liman, ba a raɗa wa kowa suna.

Ranar ta zo. Atu ta dama kunun kanwa, mata suka cika tsakar gida. Sai ga Ɗangiwa da ƙaton tire a rufe, yana murmushi. Malam ya buɗe a zaure, soyayyar tarwaɗa ce, ta sha yaji.

Atu ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Ɗangiwa! Gidan jego? Danginsu?"

"Ungozoma, wanga na gulbi na, ba su san juna ba."

Ta ce ko ƙamshinsa ya wuce zaure sai ta yi shari'a da shi. Haka maza suka fita da tiren ƙarƙashin dalbejiya, suka juya wa gidan baya, suka cinye tas.

'Ya'ya arba'in da uku ta ƙirga a farko. Tara suka rayu. Kowanne ya mutu sai ta binne shi gindin lemo, kuma ba wanda ya yi mata dariya a kan wannan, har Ɗangiwa. Da taran suka kai faɗin bakin kofin shayi, wuri ya yi kaɗan, dole a rage. Masu so suka yi yawa, amma sai ta yi wa mutum tambayoyi kamar mai neman aure: randa nawa gare shi, waye ke gida da rana, yana da kyanwa. Mutum ɗaya ya ci jarrabawar, wani malamin makaranta a Dogon Daji mai suna Mu'awiya, wanda ya haɗa nasa akwatin tun kafin ya zo. Ta ba shi biyu, da takardar dokoki shafi uku.

Bayan wata guda ta sa Malam ya kai ta ganin ɗaki. Ta tarar an ajiye akwatin kusa da rediyo, kuma a ganinta ɗayan ya rame. Ba ta ko sha ruwan da aka kawo mata ba, ta kwashe su a leda, ta riƙe a cinya har Kebbe.

Sau uku Malam Mu'awiya yana zuwa biko. A na ukun ya zo da kawunsa, da hoton akwatin a sabon wuri, da alkawarin cewa an mayar da rediyon ɗakin girki. Atu ta duba hoton ta daɗe, ta tambayi kawun ko shi zai tsaya masa. Kawun, dattijo mai furfura da ya baro shanunsa don wannan magana, ya gyara rawani ya ce ya tsaya. Sannan ta shiga ciki ta ɗauko leda.